Mazan Jiya na Ƙasar Kura da Bunkure, da Matan da Suka Jira Su



Duk wanda ya san yadda ake tafiyar da aikin noman rani a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam zai shaida cewa, tun daga inda ruwa ya baro madatsar Tiga har zuwa inda ya ƙare a gindin shinkafar talaka, babu babbar hanyar ruwa ko ƙaramar magudana wadda injiniyoyi ba su zana ta a taswira ba, babu kuma gonar da ba a san faɗinta da mai ita ba; amma da mutum zai je ƙofar dagaci ya nemi a nuna masa takarda guda wadda ta ƙunshi sunayen mutanen Kadawa, ko Karfi, ko Ɗan Hassan, ko Gafan, ko Barkum, waɗanda suka tafi yaƙin Bama ko yaƙin basasa, da waɗanda suka komo da waɗanda ƙasar wani wuri ta rufe, to, da wuya ya sami abin da ya wuce addu'ar Allah Ya jiƙan mazan jiya. Addu'a kuwa alheri ce babba, sai dai ba ta ɗauke mana wajibin sanin waɗanda muke yi wa ita.

Shirun nan yana da asali, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. A ƙarshen watan Janairu na 1903 ne Kanar Molan ya taso daga Zariya da rundunarsa, ya fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, sa'an nan ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu ba ya gari. Kuma waɗanda suka riƙe bindigogin nan, in ka ɗebe hafsoshi, baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Saboda haka a kunnen kakanninmu soja shi ne mai sanye da kakin Nasara, ɗan bariki, wanda gidan malamai da gidan attajirai ba su ba da ɗansu ya zama. Idan takarda ta zo wa hakimi cewa ana neman mutum kaza, shi ya raba wa dagatai, su kuma su sauke wa masu unguwanni, sau da yawa kan wanda abin ke faɗawa shi ne maraya, ko baƙo, ko ɗan talakan da haraji ya sha masa kai. Akwai kuma waɗanda suka kai kansu, wani don sule guda da ake biya a yini, wani don rigimar gida, wani don son ganin duniya kawai. Irin waɗannan mutane maroƙi bai wasa su ba, marubucin fada bai sa su a littafi ba, su kansu kuma da suka komo suka ga jama'a na kallonsu a kaikaice, sai suka ja bakinsu.

Yaƙin Jamus na farko ba zan daɗe a kansa ba, don babu sauran mai ba da labarinsa da baki. An kai sojan Nijeriya Kamaru, aka ci Garwa a 1915, Mora ta sallama a 1916, daga nan aka wuce da su gabashin Afirka, tare da 'yan dako masu yawa. Wanda sunansa ya tsira daga cikin ƙananan sojan zamanin nan, kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki da Jamusawa, ya koma rundunar Nijeriya, ya ga yaƙin duniya biyu, har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ɗaiɗai ne. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin nan, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba.

Yaƙin Hitila shi ne ya ratsa ƙauyuka sosai. Ya tashi a 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta, aka riƙa karanta labarinsa a zauruka ga waɗanda ba su iya boko ba. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, lokacin da filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi, su bi ta Maiduguri da Hartum zuwa Masar. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 suka sa kaki. Kashin farko aka kai su yaƙi da Italiya, suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, suka kori abokan gaba har cikin ƙasar Habasha. Sa'an nan a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma don yaƙar Japan a Bama, aka ɗauki samarin da babban ruwan da suka sani bai wuce kogin Kano da na Calawa ba, aka sa su jirgin ƙasa zuwa Ikko, aka shafe makonni da su a kan teku zuwa Bambai, aka ratsa Indiya da su, har aka sauke su a ƙasar duwatsu da ƙungurmin daji, inda damina ke zuba ba ƙaƙƙautawa, zazzaɓi da atini suna kayar da mutane kamar yadda harsashi ke kayarwa. Runduna ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan, inda sojanta suka sare daji da adda da gatari suka fitar da hanyar mota ta fiye da mil 70, abincinsu kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Bataliya uku ta Nijeriya aka haɗa da rundunar Cindit da ke kutsawa bayan layin abokan gaba. Runduna ta 82 ta bi ta ƙasar Arakan, aka ci garin Miyohan a Janairun 1945. Wanda ya ji ana cewa barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko barikin Cindit a Zariya, ko Arakan da Dodan a Ikko, to, sunayen da aka ɗauko daga yaƙin nan yake ji.

Akwai abu guda da nake so masu sauraro su riƙe. Tambarin runduna ta 81 gizo ne, tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. I, gammon nan dai da ake ɗaukar kaya da shi. Dalili kuwa shi ne, a dajin da mota ba ta shiga, dubban mutanen da ke cikin rundunonin nan aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa ne a ka, su hau dutse su gangara, su ƙetare rafi, ana harbi, da yawansu babu bindiga a hannu sai adda. Manomin da ya saba ɗauko damin dawa daga gona shi aka fi nema ga wannan aiki. Idan jikan irin wannan mutum ya ce wai kakansa ba soja ba ne, ɗan dako ne kawai, sai a gaya masa cewa rundunar da kanta ta san a kan wa ta dogara, shi ya sa ta ɗinka gammonsa a kafaɗar kowane hafsa.

To, me ya hana a je a buɗe littattafan soja a kwafo sunayen? Abin da ya hana shi ne yadda aka rubuta su tun farko. Akawun ɗaukar kurata yakan tambayi mutum sunansa da garinsu, ya haɗa biyun su zama suna. Kuma da yake Bature bai san Gundutse ko Kumurya ba, shi ma saurayin ya san ba za a gane ba, sai ya ce shi mutumin Kano ne, a rubuta wane Kano. Sunan uba ya faɗi, sunan ƙauye ya faɗi. Wani ma da gangan ya sauya suna don kada danginsa su ji inda ya shiga. A maƙabartar Taukiyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Nijeriya. Amma wanda ya tsaya gabansu ba shi da hanyar rarrabe ɗan birni da ɗan ƙasar Kura, sai in an sami lambar sojan mutum daga gidansu an gwada ta da wadda ke cikin rajista.

Lambar nan kuwa tana nan a gidaje da dama, ba a san darajarta ba. Na ga wani akwatin ƙarfe a ɗakin wata tsohuwa, an ɗora kwanonin jere a kansa, a ciki akwai ɗan littafin sallama wanda gara ta ci gefensa, amma lamba da sunan bataliya da ranar ɗauka da ranar sallama duk suna karantuwa. Kusa da shi, a ƙulle cikin tsumma, ga tauraron Bama, mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya da ratsin shuɗi da ruwan goro a gefe. Na juya bayansa, sumul yake, domin lambobin yabo na yaƙin nan Ingila ba ta sassaƙa sunan mai su ba, saɓanin na yaƙin farko. Ma'ana, ranar da aka yi rabon gado, littafin ya bi wani ɗa, tauraron ya bi wani, ko yara suka ɗauke shi wasa, shi ke nan shaida ta rabu da mai ita.

Sai zancen mata, wanda shi ne ya fi kowanne ɓata. Gaskiya ita ce ba a ɗauki matan ƙauyukanmu soja a zamanin Turawa ba, kuma ba za mu ƙaga musu abin da ba su yi ba. Sai dai hidimar yaƙi ta fi ƙarfin riƙe bindiga. A bariki matan soja su ke dafa abin da mazansu ke ci, suna da shugabarsu da ake kira magajiya, muƙamin da har yau yana nan a barikokin Nijeriya. A ƙauye kuwa, bayan da Japan ta ƙwace ƙasashen gabas masu kuza da roba da mai a 1942, Ingila ta juyo kan Arewa, aka ɗebi mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, aka matsa wa ƙasar Kano a kan gyaɗa. Gyaɗar nan da aka tara dala-dala a bakin tasha, mata ne suka ɓare ta a turmi, suka sheƙe, suka tsince. Gishiri ya yi wuya, yadin kanti ya ɓace, aka koma ga mazari da abawar da mata ke kaɗi, wadda masaƙa da marinan Kura suka dogara a kanta. Bisa wannan duka ga renon 'ya'ya, ga surukai tsofaffi, ga gonar da mai ita ba ya nan.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne jira. Matar da mijinta ya tafi, shekara ta zagayo babu wasiƙa, babu wanda ya zo ya ce ya gan shi, ita ba bazawara ba, ita ba mai miji a gida ba, shari'a ta san da ita, malamanmu na Malikiyya sun buɗe mata babi sukutum, babin mafƙudi, inda suka rarrabe tsakanin wanda ya ɓata a ƙasar Musulunci, wanda ake jira shekara 4 bayan an kai ƙara gaban alƙali an yi bincike, sa'an nan matar ta yi takaba wata 4 da kwana 10, da wanda ya ɓata a fagen fama ko a hannun abokan gaba, da kuma matar da nafaƙa ta yanke mata. Duk inda aka adana littattafan kotunan alƙalai na shekarun 1940, can ya kamata mai bincike ya nemi sawun matan nan, domin a can ne kaɗai hukuma ta taɓa rubuta sunan mace 'yar ƙauye da abin da yaƙi ya yi mata.

Yawancin sojan Bama sun komo a 1946. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, aka yi fareti, aka ba su kuɗin sallama wanda bai kai na takwarorinsu Turawa ba. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna kurtu Bature yana samun sule 10 a kan kowane wata na hidima, alhali baƙar fata a rundunonin gabashin Afirka sule 3 da sisi. Wasu suka zama direbobi, wasu 'yan doka, wasu masu gadi a kamfanonin Kano, mafi yawa suka koma kan fartanya. Nakan yi tunanin tsohon da ya ga fadamun shinkafar Arakan yana saurayi, ya komo ƙasar gero da dawa, sa'an nan Allah Ya ja kwanansa har ya ga ruwan Tiga ya mai da gonarsa ta shinkafa. Me ya ce a ransa? Babu wanda ya tambaye shi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, aka kira 'yan mazan jiya suka sake sa kaki, aka buɗe ƙofa ga sababbin kurata, har sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000 kafin a ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970. Horon 'yan makonni aka yi wa da yawansu, aka tura su runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ko ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad, wasu suka halaka a ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca a Oktoban 1967, wasu a kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968. Tarihin yaƙin nan ba kirari ba ne, kuma wanda zai rubuta shi da amana dole ya rubuta har da abin da ba shi da daɗin ji: kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa, da kisan fararen hula a Asaba, da yunwar da ta cinye yara a gabas, da matan da aka zo da su daga can, wasu da yardarsu, wasu ba da ita ba, waɗanda suka tsufa a cikinmu suka haifa mana 'ya'ya. Su ma mutanen ƙasar nan ne, riwayarsu tana cikin abin da ake nema.

Waɗanda suka komo daga wannan yaƙi sun tarar da ƙasarsu tana sauya kama. Gwamna Audu Bako ya sa hannu a aikin ruwa, aka fara gwaji a Kadawa, aka kammala Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Aka tayar da dubban mutane daga matsugunansu, katafila ta share gonaki, ta tumɓuke itatuwa, ta daidaita ƙasa, aka sake rabo. Alherin aikin nan ba ya musantuwa, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatirin Kwanar Gafan. Amma tarihin ƙauye a jikin wurare yake rataye: kukar da aka tara kurata a gindinta, gonar wane da bai komo ba, kangon gidan wance da ta ƙi aure tana jira. Da alamomin suka gushe, dalilin da zai sa yaro ya tambaya ya gushe.

Wani zai ce rubuta sunayen sojoji al'adar Turawa ce. A'a, wallahi gadonmu ne tun kafin su san shi. Malaman sira sun jera sunayen waɗanda suka halarci Badar ƙabila ƙabila, gida gida. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta mayaƙa da haƙƙoƙinsu. Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230 bayan Hijira, ya tsara littafinsa na Ɗabaƙat, ya keɓe juzu'i guda ga mata, kuma ta wannan tafarki ne muka san Nusaiba bint Ka'ab da ta tsaya ranar Uhudu, da Rufaida mai jinyar waɗanda suka ji rauni a cikin hemarta. Ba ina daidaita yaƙin Ingila da Japan da yaƙoƙin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ne, Allah Ya tsare; abin da nake nufi shi ne hanyar aiki, watau a ambaci mutum da sunansa da na ubansa da garinsu, a faɗi wanda ya ba da labari da wanda shi ya ji daga gare shi, a rarrabe wanda ya gani da wanda ya ji, kuma idan riwaya biyu suka saɓa a kawo su duka, a bar hukunci ga mai zuwa. Al'ummar da ta gaji ilmin isnadi ba ta da uzurin barin labarin kakanninta ya zama an ce, an ce.

Kuma an gwada an ga yana yiwuwa. Baba ta Karo, tsohuwa 'yar ƙauye daga kan iyakar Kano da Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a 1949 da 1950, ta ba da labarin rayuwarta, aka buga a 1954, har yau jami'o'in duniya na karanta shi. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga wajen Owo, wanda aka harbe a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi na Arakan ya ɓoye shi wata da watanni yana ciyar da shi, ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, shi ya sa aka san shi. Namu ba su rasa labari irin wannan ba, mai zama ya saurara suka rasa.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara 18 a 1943 an haife shi a 1925, sai dai a nemi matarsa ta ƙarshe ko 'ya'yansa. Wanda ya shiga yaƙin basasa da waɗannan shekaru ya haura 70 tuni. A bayansu ga waɗanda suka je Kwango da Laberiya da Saliyo, ga 'ya'yanmu da ke Borno da dazukan Zamfara a yau, har da mata, tun da makarantar horon hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukarsu a 2011.

Aikin ba ya bukatar jiran Abuja. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa suna da rajistar mutanensu sashe sashe, suna kuma taruwa. A ƙara shafi guda a tambayi kowa ko gidansu an yi soja. Limami ya yi sanarwa ranar Juma'a, mai unguwa ya nuna gidaje. Malaman sakandare da na Islamiyya su tura ɗalibai da waya mai ɗaukar murya, 'yan mata su shiga wajen tsofaffin mata, domin akwai maganar da gwaggo ba za ta yi a gaban namiji ba. A tambayi suna na gida da sunan da aka rubuta a bariki, da lamba, da shekarar tafiya, da wanda ya ba da mutum, da wanda ya riƙe gida a bayansa. A ɗauki hoton littafin sallama da lambobin yabo tare, a bar asalin a hannun masu shi, kada a karɓe. Wanda ya ce ba ya son ya yi magana a ƙyale shi, domin akwai abin da ido ya gani wanda baki ba ya iya maimaitawa. Kwafi ɗaya ya zauna a gidan dagaci, ɗaya a ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ɗaya a kai Gidan Ɗan Hausa ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero, inda masana za su iya gwada shi da takardun lardin Kano da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yanke shinkafar damina, kafin a saki ruwan rani, sa'ad da mutane ke da sararin zama. In an fara a lokacin, kafin ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya kowace mazaɓa za ta iya karanta sunayen nata a bainar jama'a.